Iyakar da Ba Ta Tsayawa Wuri Ɗaya

"Riƙe min nan, Auta," in ji Baba, ya miƙa mata bakin igiya tun ba ta ajiye jakarta ba.

Ta riƙe. Kuka ta zo yi, amma a farfajiyar shagon Baba ba a barin hannu ya zauna banza, ko da mai hannun tana karatun digirin dakta a jami'a. Shekara talatin yana ɗinka rumfunan tamfol, kuma bai taɓa miƙa rumfa ga mai ita ba sai ya kafa ta ya ga yadda take yi da iska.

"Wa ya taɓa min ke?" ya tambaya yana buga turke.

"Ƙarfe biyu zan ga Farfesa, Baba. Zan faɗa mata awon da na yi wata takwas ina aiki a kansa ya lalace. Sai na koma farko. Shekara guda ta tafi ke nan."

"Na iskar nan taki da ba ta kaɗa ko ganye?"

Dariya ta kuɓuce mata. Ta sha yi masa bayani: rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi ba tsayawa, su ake kira iskar rana, duniya kuma tana da garkuwar maganaɗisu mai tare su. Aikin Auta yana bakin garkuwar ne, daidai inda iskar take dukanta. Kullum Baba sai ya gyaɗa kai, ya sa mata albarka, ya koma kan keken ɗinkinsa.

"Tauraron ɗan'adam ɗin da yake awon, daga cikin garkuwar yake fita waje," ta ce. "Sau ɗaya ya kamata ya tsallake iyaka. Amma na'urarsa ta nuna ciki, waje, ciki, waje, har sau bakwai a minti arba'in. Kuma ba rana ɗaya ba. Ai ka ga ta haukace."

"To, haukan ya jira. Zauna can gefe ki miƙe ƙafa. Ga alli."

Ta san aikin tun tana ƙarama. Mutum yakan zauna a bakin inuwar rumfa, ya ja layi inda ta tsaya idan iska ta kwanta, ya ja na biyu inda take komawa idan iska ta danna tamfol. Baba yakan gargaɗi masu saye su jera kujeru daga layi na biyu zuwa ciki, kada rana ta gasa wa baƙi ƙeya a ce ɗinkinsa ne bai yi ba.

Ta zauna a ƙasa da siket ɗinta na zuwa ofis, ta ja layin farko. Iska ta taso, gefen tamfol ya lotsa ciki, rana ta sauka a kan yatsun ƙafarta. Iska ta lafa, inuwa ta dawo ta rufe su. Ta sake tasowa, zafi. Ta lafa, sanyi. Auta ta zuba wa ƙafarta ido kamar yau aka ba ta aronta.

"Baba! Ban motsa ba!"

"Dā na ce ki motsa ne?"

"Rana, inuwa, rana, inuwa, kuma ina zaune wuri ɗaya! Na'urar lafiyarta ƙalau. Iyakar ce take kai da komowa a kanta!"

Ta yi tsalle ta rungume shi har guduma ta faɗi daga hannunsa. Makanikin da ke maƙwabtaka da su ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi.

"Layi na biyu fa?" Baba ya ɗaga murya, amma ta riga ta kai titi tana tsayar da bas, allinsa a hannunta.

A ofishin Farfesa ko zama ba ta yi ba. Ta buɗe kwamfuta, ta ɗauko awon wani tauraron da ke can gaba, wanda iskar rana take fara wucewa ta kansa kusan awa guda kafin ta iso. Ta gyara lokacin, ta ɗora zanen biyu ɗaya a kan ɗaya. Duk inda iskar ta yi ƙarfi, garkuwa ta lotsa, tauraronta ya tsinci kansa a waje. Duk inda ta sassauta, ya koma ciki. Bakwai ɗin nan suka zauna daram, ba wanda ya kauce.

Farfesa, wadda ɗalibai suke cewa murmushinta sau ɗaya ne a zangon karatu, ta cire tabarau ta yi dariya sosai.

"Tun watan jiya nake jiran ki gani da kanki. Da kin shigo kin ce min na'ura ta lalace, da yau mun ɓata. Wannan shi ne babinki na uku. A wace takarda kika karanta?"

Auta ta dubi farin alli a siket ɗinta. Daɗi ya cika ta har wuya.

"Ba takarda ba ce, Farfesa. Babana ne. Rumfa yake ɗinkawa."

"To, ranar kare aikinki ki zo min da shi. Idan aka jefo tambaya mai wuya, shi zan nuna."

Tun a kan matakala ta kira shi, tana magana tana haki. Ta ce shekararta ta tsira, ta ce Farfesa da bakinta ta gayyace shi. Sai ta ji ya ja hanci, ya yi gyaran murya.

"Auta, a ɗaki za a yi taron ko a waje? In a waje ne, ki tambayo min kujera nawa."