Ƙararrawa Mai Tsaga

Mai Agogo ya zazzage buhu na uku a gaban rumfar mai gwangwan, ya tsuguna yana tona tarkacen da bakin sukudireba. Kan fanka, hanjin rediyo, murfin dutsen guga, makullan da ƙofofinsu suka daɗe da rushewa. Abin da yake nema dai babu.

"Baba, wai me ka ce sunan abin?" in ji mai gwangwan, yana sakace.

"Sifirin. Siriri, a naɗe kamar katantanwa. Shi ke mayar da faifan lamba na wayar tarho idan an juya."

"Wayar tarho! Ai Baba ka makara da shekara ashirin. Tuni an narke su. Yanzu haka wata na can gidanka ta zama tukunya, ba ku gane juna ba."

Mai Agogo bai yi dariya ba. Ba mutum ne mai yawan dariya ba, kuma yau ba ranarta ba ce. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya gyara jakar da ke kafaɗarsa. A cikinta wayar take, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, an naɗe ta da tsohon tawul.

Wayar ta maigidansa ce, tsohon da ya koya masa gyara tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Yanzu Tsoho ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Wannan wayar ce kaɗai ya yarda da ita. Da layin ƙasa ya mutu, 'ya'yansa suka samo wani ɗan akwati da ke haɗa ta da layin zamani, aka ci gaba da harka. Kullum ƙarfe biyar na yamma ƙanwarsa, wadda aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa tun suna da ƙuruciya, takan kira shi su yi faɗa na rabin awa, kowa ya ji daɗi. Kwana tara ke nan da Auta, ƙaramar 'yarsa, ta ja tebur wajen shara, wayar ta faɗo, sifirin ya karye, faifan ya tsaya a rabin hanya. Muddin kuwa faifan bai koma mazauninsa ba, ko an kira ba a jin magana.

An miƙa wa Tsoho salula, ya ce shi ba ya magana da madubi. Ga shi gobe da safe likita zai yi masa aikin ido, ranar da aka yi wata huɗu ana jira. Tsoho ya rantse ƙafarsa ba za ta taka asibiti ba sai ya yi sallama da ƙanwarsa a kan wayarsa. Duk wanda ya san shi ya san ba ya rantsuwa sau biyu.

Mai Agogo ya gwada ƙera sifirin da na agogon bango. Na farko ya yi ƙarfi, faifan ya riƙa komawa da mari. Na biyu ya yi sanyi, ya riƙa tafiya kamar wanda aka aika inda ba ya so. Ya zaga masu rediyo, ya zaga masu injin ɗinki, ya je tsohon ofishin waya ya tarar an mai da shi kantin katifa. Yaran zamani da ke gyaran salula suka riƙa ɗaukar wayar hoto suna dariya, babu wanda ya san inda ake buɗe ta. Gyara ke nan a yau: a cire gilashi a liƙa gilashi, a kira mutum injiniya.

Ya juya zai tafi, mai gwangwan ya ce, "Tsaya. Na taɓa ganin irinta. Mai hoton nan na bayan tashar mota. Da na je hoton katin shaida, tana kan tebur kusa da furen roba. Sai dai fa tasa ta zinariya ce."

Azahar ta wuce lokacin da ya sauka daga bas a bayan tasha. Shagon ɗan ƙarami ne, bango ɗaya an zana teku da jirgin ruwa, ɗaya an zana bene mai hawa uku. A kan tebur ga waya, an lafta mata fenti ruwan gwal har kan lambobin. Mai Agogo ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya sa yatsa ya juya faifan. Faifan ya komo a natse, da wannan gurnani nasa mai sanyi. Sai da ya rufe ido. Kamfani ɗaya, zubi ɗaya.

Mai hoto, wani gajere mai tumbi da kamara a wuya, ya saurari bayani har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Ba ta sayarwa ba ce, Baba. Rabin angwayen unguwar nan da ita suka yi hoto. Mutum ya kafa ta a kunne yana murmushi kamar shugaban kamfani, alhali ko keke ba shi da shi."

"Ban ce ka sayar ba. Cikinta nake so. Kai ƙoƙon kake buƙata. Hoto yana ɗaukar sifirin ne?"

Mai hoto ya dube shi sama da ƙasa: farin gemu, gilashi mai kauri ɗaure da zare, fuska a murtuke.

"Na yarda. Amma da sharaɗi. Ka zauna can gaban teku, ka riƙe ta a kunne, in ɗauke ka in kafa a ƙofa. Irin fuskarka nake nema tun bara."

"Ni ba ɗan wasa ba ne."

"Ni ma ba mai gwangwan ba ne."

Haka Mai Agogo, mutumin da ko a ɗaurin auren 'yarsa sai da aka riƙe shi kafin a yi masa hoto, ya zauna gaban jirgin ruwa da wayar gwal a kunne.

"Yi murmushi, Baba! Ka ɗauka an ce maka matarka ta haihu."

"A shekarunta? Sai dai in suma."

Mai hoto ya fashe da dariya, gefen bakin Mai Agogo ya ɗan motsa, haske ya walƙa.

A kan teburin furen roba ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya buɗe wayoyin biyu. Ya jera sukurori bi da bi yadda ya cire su, don haka aka koya masa. Ya zare sifirin ya dasa a wayar Tsoho, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya tak. Faifan ya juya ya komo. Aiki ya ƙare, da ya rufe a nan.

Amma idonsa ya sauka kan ƙararrawa. Kowace waya tana da guda biyu, na tagulla, kamar ƙananan kofuna. Na mai hoto lafiya lau suke, fenti bai kai gare su ba. A wayar Tsoho kuwa ta hagu tana da tsaga daga baki har kusa da tsakiya. Mai Agogo ya san tsagar nan fiye da tafin hannunsa. Shi ya yi ta. Watansa na biyu a shago, maigida ya fita, ya buɗe wayar don ganin ƙwaf, ya ɗaure sukurun da ƙarfin ƙuruciya har ya ji ƙas. Ya rufe ya yi shiru. Shekara arba'in da bakwai, duk sanda wayar ta yi kuka da muryarta mai shaƙewa yana kusa, sai ya ji kunnensa ya yi zafi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa.

Ya cire mai tsagar, ya sa lafiyayya. Ya ƙyasta ta da farce, ta amsa tangaran. Ya ji kamar an zare masa ƙaya.

Biyar saura kwata ya yi sallama a gidan. Auta ta taro shi a tsakar gida, idanunta sun yi ja.

"Kawu, ka samu? Ko ruwa bai sha ba tun safe. Na haɗa jakar asibiti ya sa na kwance."

"Share hawayenki, ki kawo igiyar."

Tsoho na zaune a kujerarsa kusa da teburin da babu komai a kai, hannunsa ɗaya a kan katakon. Mai Agogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye wayar, ya haɗa ta da akwatin. Tsoho ya lalubo ta, ya shafa, ya juya faifan, ya karkata kai yana saurare har ya komo.

"Hm. Ɗigo nawa ka sa?"

"Ɗaya, Maigida."

"Hm."

A bakin Tsoho wannan yabo ne. Auta ta danna lambar daga salularta don gwaji. Wayar ta ɗauki kuka, garau, mai zaƙi, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

Tsoho ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

"Wayar wa ke kuka a ɗakina?"

"Taka ce, Baba," in ji Auta.

"Ƙarya ne. Tawa tana da mura. Ku ɗauke ta ku mayar wa mai ita. Ke kuma kada ki sake haɗa jakar nan."

Auta ta dubi Mai Agogo. Agogon bango, wanda shi ma aikinsu ne, ya nuna saura minti takwas.

"Maigida," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ƙararrawar hagu ce na canja. Tana da tsaga."

"Na san tana da tsaga. Ba kai ka tsaga ta ba? Ranar Talata, na je sayo batir."

Mai Agogo ya kasa ɗaga kai. Mutum mai jikoki bakwai, sai ga shi gumi na bin bayan kunnensa.

"Ka sani?"

"Ina da kunne. Na dawo ta yi kuka, na dube ka, ka sunkuya kana goge abin da ka riga ka goge. Na ce bari in gani ko yaron nan zai sake ɗaure sukuru da hauka. Ba ka sake ba. Da na doke ka, da ka manta kafin sati." Ya buga tebur da yatsa. "Da muryar nan aka gaya mini an haifi wannan da ke tsaye. Da ita aka kira ni ranar da uwarta ta cika. Wa ya aike ka gyaran abin da ba a kawo maka ba? Ina mai tsagar take?"

Auta ta dafe ƙirji. "Kawu, kada dai ka baro ta bayan tasha?"

Mai Agogo ya sa hannu a aljihu. Tun a shagon mai hoto ya yi niyyar jefa ta a kwata. Ya wuce kwata uku. Amma doka ta farko da aka koya masa a shagon Tsoho ita ce, duk abin da ka cire daga kayan mutum, ko ruɓaɓɓe ne, ka naɗe a takarda ka mayar masa. Hannunsa ya naɗe ta tun kafin zuciyarsa ta gama shawara. Ya fito da ƙullin takardar ya ɗora a tafin Tsoho.

Tsoho ya warware, ya bi tsagar da babban yatsa.

"To, ba ka lalace duka ba. Mayar. Kuma a hankali da sukurun."

Sukuru huɗu na gindi, ɗaya na ƙararrawa. Ya mayar da mai tsagar a hankali. Yana ɗaure na ƙarshe, bai ko mayar da sukudireba aljihu ba, wayar ta ɗauki kuka a ƙarƙashin tafinsa, a shaƙe, mummuna, kamar tsohon zakara.

Tsoho ya bari ta yi sau uku, yana jin abinsa. Sannan ya ɗauka.

"Ke! Kwana tara ina kika shiga? … Ni na ɓata? To ji mini mata. Gobe za su buɗe mini ido, in kin ga dama ki aiko hoto in ga yadda kika tsufa."

Auta ta sulale ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Tsoho ya toshe bakin wayar da hannu.

"Auta, haɗa jakar. Ki kawo mini ruwa. Kai kuma tsayuwar me kake yi? Ƙararrawar mutane ce a hannunka. Naɗe ta a takarda ka mayar."