Ba a Kai Saniya Sama Rana Ɗaya

Shekara arba'in na yi ina kiwon shanu a ƙolin dutsen Sarnex. Mu hau a Yuni, mu sauko a Satumba kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ban taɓa ganin wurin lokacin sanyi ba. Daga baya aka kafa otal a makiyayata, aka ja igiyar ƙarfe mai ɗauke da akwatunan da ke kai 'yan wasan sulu a kan ƙanƙara sama. Na rantse ba zan taka ba. Shekara ashirin ina riƙe da rantsuwar.

Bana na cika saba'in da tara. Wata Lahadi bayan coci, 'yata Odile da mijinta Fabrice suka zauna a teburina suna shirin hutun Fabrairu, suna zaɓen ɗaki a waya.

Na ce, "Ku ƙara gado ɗaya."

Fabrice ya ajiye cokali. "Baba, kai? Ba kai ka ce wurin ya zama kasuwar mahaukata ba?"

"Har gobe kasuwar mahaukata ce. Akwai dutsen da nake zuba wa shanu gishiri. Ina so in gan shi cikin ƙanƙara kafin a rufe ni."

Odile ta ce, "Baba, zuciyarka fa? Likita ba za ta yarda ba."

Ranar Talata muka je. Likita Imboden sa'ar jikata ce, amma ba ta da wasa. Ta daɗe tana sauraron ƙirjina.

"Baba Séraphin, gidanka yana mita ɗari biyar sama da teku. Otal ɗin yana dubu biyu da ɗari shida. Mota, sai akwatin igiya, awa biyu an isa. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Zuciyarka ba za ta ɗauki wannan tsallen ba."

"Wa ya ce miki awa biyu?"

"Haka kowa ke zuwa."

"Shi ya sa kowa ke ciwon kai. Ba ni takarda."

Aji uku na yi a makaranta, rubutuna sai ka ce kaza ta yi tono. Amma na iya zana dutse. Na zana, na ja masa layi uku.

"Ba a kai saniya sama rana ɗaya. Wanda ya gwada, nono ya ƙafe masa. Ƙarshen Mayu mukan kai su zangon tsakiya su saba. Sannan bakin daji, inda itatuwa suka ƙare. Sannan ƙoli. Haka zan hau. Kwana biyar a zangon tsakiya, gidan abokina Hyacinthe. Kwana uku a masaukin bakin daji. Rana ta tara in shiga akwatinsu."

Ta dubi takardar, ta rubuta tsayin kowane zango a gefe, ta sake dubawa.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Shanu."

Ta yi dariya. "Ni shekara shida na yi a jami'a kafin a gaya mini."

Ta ba ni wani ɗan abu da ake maƙala wa yatsa, yana nuna lambar iskar da ke cikin jini. Ta ce in ta yi ƙasa da tamanin da takwas, in sauko, ba gardama. Kuma ba zan hau ni kaɗai ba. Hyacinthe kurma ne, ya girme ni, ba ta lissafa shi cikin mutane ba.

Na dubi Odile. Hutun da take jira tun bara ne, ita da katakan sulunta. Ban roƙe ta ba. Ban saba ba.

Odile ta naɗe takardar ta sa a jaka. "To, kowane garke da makiyayinsa. Ni zan kora ka."

Da Fabrice ya ji shirin, ya riƙe ciki. "Kwana takwas a kan tafiyar awa biyu! Baba, in sayo maka ƙararrawa ka rataya?"

"Sayo babba. Ta sarauniyar garke."

Ya kuwa sayo. Na sa ta a jaka tare da cuku, baƙin burodi da ƙullin gishiri.

Zangon tsakiya lafiya lau. Kullum da safe in taka zuwa rijiya in dawo, Hyacinthe na bina yana ihu, a zatonsa hira yake. A bakin daji ne abu ya so ya lalace. Safiyar farko lamba ta nuna tamanin da takwas cif. Odile ta jawo jaka ta fara zuba kaya.

Na ce, "Ƙasa da tamanin da takwas likita ta ce. Wannan ba ƙasa ba ne. Saniyar da ke haki ba a mai da ita gida, ƙara mata kwana ake yi."

Ta kira likita. Likita ta ce a ƙara kwana, a gani. Na wuni a zaune ina shan ruwa, abin da na fi ƙi a duniya. Washegari casa'in. Wata washegarin casa'in da biyu.

Rana ta goma muka shiga akwatin. Fabrice ya iso da safen nan daga gida, cikin awa biyunsa. Kafin azahar yana kwance da jiƙaƙƙen tawul a goshi.

Ni da Odile muka fita a ƙafa. Komai fari fat, ba ciyawa, ba turba. Mahaukatan na wuce mu kamar tsuntsaye. Na auna da ƙahon dutsen gabas, na yi taku sittin. Ga dutsen gishirin nan, kansa kawai ya leƙo. Na share da hannu. Kwarmin da harsunan shanu suka sassaƙa yana nan, sumul. Na kwance ƙullin na zuba gishirin.

Odile ta maƙala mini abin a yatsa. Casa'in.

Da muka koma, na tsaya a kan Fabrice, na ciro ƙararrawar na kaɗa sau ɗaya. Ya dafe kai yana nishi.

Na ce, "Sannu. Baɗi ka biyo garke."