Harshen Kawu Tanios

Kawuna Tanios ya shekara arba'in yana aikin ɗanɗana wa masu matsar inabi giyarsu a garin Zahle. Kurɓi ɗaya zai yi ya gaya maka irin inabin da tudun da aka tsinko shi. Bara zazzaɓi ya kwantar da shi, ko da ya tashi hancinsa ya daina jin ƙamshi, harshensa ma ya mutu.

Ranar Lahadi na kai masa kofi biyu, ɗaya giyar gonarmu, ɗaya ta mutanen bakin teku. Ya shinshina na farko, ya kurɓa, ya daɗe da ita a baki.

"Ta bakin teku ce," in ji shi. "Ga gishirin nan."

Tamu ce, shi da kansa ya dasa inabinta. Ya ɗago ya ga fuskata.

"Warde, ba ki iya ɓoye abu ba, kamar uwarki." Ya ture kofin. "Likita ya ce wata shida zan warke. Yau wata goma sha ɗaya."

"Kawu, gwada ɗayar mana."

"Bar shi, 'yata. Duk ruwan sanyi nake ji."

Da kaka ta zo, ya aika wa masu matsar inabi su nemi wani mai ɗanɗana musu giya.