Wani Saurayi Daga Adabka

Basma ta riƙe hannun Inna, suka ratsa tsakanin kujerun roba har suka sami wuri a ɓangaren mata. Zauren taron na Gummi ya cika maƙil, fanka ɗaya ce ke juyawa. A gaba an rataye ƙaton hoton bangon littafin da za a ƙaddamar. Lilon ƙarfe ne na babban baje kolin da aka taɓa yi a garin, a gefensa kuma fuskar Ɗanmusa, yana murmushi.

Inna ta ɗaga kai. "Shi ne wanga?"

"Shi ne, Inna."

Tsohuwar ta gyara hijabinta.

Basma tana ƙarama aka yi baje kolin. Mutane sun zo har daga Nijar da Benin, an kawo injinan ban ruwa da fitilu masu launi. Yayanta Sufyanu ya ja ragonsa daga Adabka don ya shiga gasar kiwo. Ɗanmusa mai masauki ne a bakin filin, yana tarbar baƙi da fura da fara'a. Sai da aka watse aka tone tsohuwar rijiyar gidansa. A cikin gawawwakin da aka ciro, da hularsa aka gane Sufyanu.

Yanzu Malam Namadi, tsohon malamin tarihi, ya rubuta littafi a kan abin. Tun kafin a ƙaddamar da shi Basma ta sami kwafi, ta karanta shi a makarantar da take koyarwa a Bukkuyum. Babu shafin da sunan Ɗanmusa bai fito ba: garinsu, matansa, irin turaren da yake so, yadda yake raha a kotu. Yayanta kuwa layi ɗaya aka ba shi, "wani saurayi daga Adabka". Tun ranar take ta shirya abin da za ta yi.

Malam Namadi ya miƙe cikin babbar riga, yana share gumi. Ya yi bayanin wahalar bincikensa, sannan ya yi dariya. "Kai, har shi Ɗanmusan ya aiko daga gidan yari, wai a kai mashi nashi kwafin. Shina son ya ga hoton!"

Wasu suka yi dariya tare da shi.

Basma ba ta san lokacin da ta isa gaban teburin ba. Ita da ko a taron malamai ba a jin muryarta, ta zaro littafin daga jaka, ta kama bangon ta yage shi biyu, ta jefa a gaban marubucin.

"Ga shi, Malam, ka kai mashi! Ka yi mashi gata. Ka san turarenai, amma wanda ya kashe ba ya da suna? Wani saurayi! Akuya ce aka yanka?"

Wani ɗan agaji ya taso, Malam Namadi ya ɗaga masa hannu.

"Ɗiyata, ke ƙanwar yaron Adabka ce?"

"Sufyanu sunanshi."

"Yau na fara jin shi." Ya dubi yagaggen bangon. "Takardun kotu ba su da sunan, don dangi sun ɗauke gawar kafin a rubuta. Na hau mashin har gidanku, kina makaranta. Na tambayi mahaifiyarki, na sake tambaya. Ta ce mani 'yaron nan'. Da na matsa, sai ta rufe fuska ta shige ɗaka. Na ji nauyin in bi maƙwabta ina tambayar abin da uwa ta ƙi faɗa."

Sufyanu ɗan fari ne. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ko ranar da aka kawo shi a naɗe cikin tabarma.

Ta juya, sai ta ga Inna ta taso. A hankali take tafiya, tana dafa bayan kujeru, mata suna janye ƙafafunsu. Ta wuce Basma, ta tsaya gaban Malam Namadi, ta nuna makirufo da haɓa.

"Abin ga, in na yi magana kowa na ji?"

"Kowa, Inna."

"Kuma kai za ka kai ma wancan mutumen littahin da hannunka?"

"Ni zan kai."

Ta karɓa da hannu biyu. Leɓɓanta suka motsa babu sauti.

"Sufyanu," ta ce. Lasifika ta kai sunan har bakin titi. "Sufyanu ɗan Yakubu. Ɗana ne, na fari. Ka faɗa mashi uwar Sufyanu ta ce Allah ya isa, ba ta yafe ba, kuma tana jiranshi ranar da ba a ɓoye suna."

Ta aje makirufon a kan teburi, ta ja hijabi ta rufe fuskarta.

"Basma, mu tahi, kada masu mashin su tashi."