Wankin Kofur Ummaru

Da hantsi ne, rana ta fito bayan ruwan asuba, tsakar gida duk taɓo. Riskuwa na zaune bakin ɗaki tana kallon mijinta, Kofur Ummaru, durƙushe gaban daro yana wanke rigarsa da kansa.

Tun da ya dawo daga Kwango, inda aka kai su aikin soja bayan samun 'yancin kai, haka yake. Ya wanke, ya shanya, ya goge. In maɓalli ya fita ya ɗinke abinsa. Duk zaman da ta yi ba ya nan, fargabarta kada ya dawo ba hannu. Sai ga shi ya dawo da hannuwa biyu, kuma ba su hutawa.

A unguwarsu ta Birnin Kebbi kuwa, namijin da ke yi wa kansa wanki alhali matarsa na cikin gida, ai ya gama magana. Mata a bakin rijiya sun ce wata mace ya baro can. Uwarta ta aiko daga Gulma cewa in ya ƙoshi da ita a maido ta, ga noman shinkafa na neman hannu. Ta taɓa tambayarsa ko ta yi laifi ne. Ya yi dariya, ya ce hutar da ita yake, a bariki kowa shi ke yi wa kansa. Ita dai ba ta ga inda aure zai tsaya ba in aka hutar da ita haka. Ta riga ta ƙulle kayanta, motar Argungu take jira ta kai ta gida.

Ana nan sai ga Kezia maƙwabciyarsu ta shigo aron taɓarya. Mijinta Irimiya tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Ta dubi ƙullin kayan, ta dubi rigar da Ummaru ya gama wankewa ya shanya.

"Nawa ma haka ya dawo," in ji ta a hankali. "Har tukunya sai da ya ƙwace mini."

Riskuwa ta tambaye ta yadda ta yi da shi. Kezia ta ƙyafta mata ido. Ta saɓa taɓarya a kafaɗa ta nufi ƙofa, taɓarya ta kama igiya, riga ta faɗo cikin taɓo. Wajen ba da haƙuri har da take rigar da ƙafa.

"Ayya, Kofur, tsufa ne."

Kafin ya miƙe ta ɗauki rigar ta miƙa wa Riskuwa, ita kuwa ta jawo daron gabanta. Ummaru ya tsaya da hannuwa a sake, ya rasa inda zai sa su. Can ya ce a cuɗa wuyan rigar sosai.

"Wanga wuya, ni ka son a nuna ma dauɗatai?" in ji Riskuwa, kanta a sunkuye.

Ya samu kujera ya zauna. Daga bakin hanya motar Argungu ta yi oda, ta ƙara. Riskuwa ta ce ya miƙo mata sabulu.

Kezia ta fita da taɓaryarta. Ummaru na ƙunƙuni a kan mutanen da ba su duba gabansu, Riskuwa kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba.