Barewar da Ta San Ƙarar Babur

Tun ranar da mai gyaran famfo ya shigo mana da babur ɗinsa gabana ya faɗi, na san akwai abin da zai lalace.

Ina aiki a gidan da ake kula da namun dajin da aka ceto. Ni ke yanko ganye, in ɗaure a bayan babur, in bi keji-keji ina rabawa. A cikinsu akwai wata barewa da muke kira 'Yar Waya, don a tarkon waya aka ciro ta tana jaririya, ƙafarta ta baya ta kusa tsinkewa. Ni na shayar da ita madara a kwalba. Ranar da ta ƙi sha, ni ma abinci ba ya shiga. Matata takan ce, "Baban yara, ko a ɗakko mata katifa ta dawo ɗakinmu?" Tsokana ce kawai. Ta san halina, ko tari ɗaya cikin yaran ya yi sai na tashi na taɓa goshinsa.

A lokacin 'Yar Waya ta girma, ƙafa ta warke, ana shirin mayar da ita daji. Mai gyaran famfon ya bi ta gefen shingenta. Bai san ta ba, ba ta san shi ba, amma sai ga ta da gudu, ta cusa hanci a raga tana kaɗa jela. Likitar dabbobinmu tana tsaye tana kallo.

Ta ce, "Baba, ka ga abin da na gani?"

Na ce, "Na gani, Likita. Son mutane gare ta."

"Ba mutane ba. Ƙarar babur ce abinci a wurinta. To a dajin da za mu kai ta, su wa ke shiga da babur?"

Kowa a gidan ya san mafarauta ne.

Ta ce daga gobe Dogo, mai share kejuna, zai riƙa kai wa 'Yar Waya ganye a baro, ba magana ba motsi. Ni kuma in zo da babur, in razana ta, har sai ta tsani ƙarar. In ba ta koya ba, babu daji, a shinge za ta tsufa.

"Me ya sa sai ni, Likita?"

"Don kai ta fi yarda da kai."

Washegari na ɗaura gwangwanaye a bayan babur, na riƙo guntun ƙarfe. 'Yar Waya na jin tahowata ta taso. Na murɗa mai, na buga gwangwani, na ce, "Ke! Tafi!" Ta tsaya, ta karkace kai, sannan ta ƙara matsowa tana shinshina iska.

Dogo ya jingina da tsintsiyarsa yana dariya. "Malam, wannan tsawa ce ko rarrashi? Ko kaza ba za ta ɗaga ba."

Na runtse ido na maka wa gwangwanayen ƙarfen da duk ƙarfina, na kwarara ihun da ban taɓa yi wa 'ya'yana ba. Ta zabura ta yi baya, ta bugi shinge, ta faɗi, ta tashi tana ɗingisa ƙafar nan. Na yar da babur zan shiga, Likita ta sha gabana.

"Kada ka shiga. Ka taɓa ta yanzu, an koma farko."

Haka muka yi ta yi, safe da yamma. A gida na kasa zama wuri ɗaya, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa tsakar gida, har babbar 'yata ta ce, "Baba, don Allah ka zauna, kana sa mu jiri." Ɗingishin ya wuce. 'Yar Waya ta daina tasowa in ta ji babur. Daga baya ma, tun ina bakin ƙofa take shigewa bayan kututture, kunnuwa kawai ake hangowa. Likita ta ce aiki ya yi kyau. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Na ce, "Likita, kullum ni ne, kullum babur ɗina ne. A samo wani ya gwada da nasa mana."

Ta ce gaskiya ne, za a yi. Sai dai motar ɗaukar dabbobi ta iso kafin lokacin da aka sa, wai in aka jira, ruwan sama zai ɓata hanya. Aka sa 'Yar Waya a akwati aka rufe da buhu. Ni an ce in tsaya can bayan ɗakin ajiya, kada ta ji warina ta firgita. Daga nan na ji motar ta fita.

Yanzu wani tsohon kunkuru ne a shingen. Duk wanda ya dawo daga dajin sai na tare shi da tambaya, har sun fara kauce mini. Babu wanda ya gan ta, a raye ko a mace. Har yau ban sani ba ko ƙarar babur ta koyi tsoro, ko kuwa ni kaɗai take tsoro.