Wakilin Zulkiflu

Zulkiflu mutumin Gumel ne, kuma a gidansu mutum ba ya kai babbar magana da bakinsa. Da zai nemi auren Haulat, baffansa ne ya je. Da ya saɓa da surukinsa, limamin unguwa ne ya ba da haƙuri a madadinsa. Saboda haka ranar da ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne wa zai tura.

Direban bas ne a Doha, yana kwasar ma'aikatan wani kamfani daga Al Wakrah zuwa Al Sadd. Shan ya faro ne da kurɓi ɗaya a ɗakin wani abokin aiki, wai don barci ya zo. Yanzu kuwa in gari ya waye hannunsa rawa yake yi, sai ya kurɓa sannan ya iya riƙe sitiyari. Wata safiya ya tsinci kansa a tsakiyar shataletale, bas cike da mutane, ana ta danna masa hon, bai san yadda aka yi ya iso wurin ba. Bai bugi kowa ba. Amma ya san in aka ci gaba a haka wata rana zai kashe mutane, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai.

Hausawan da suke salla tare bai isa ya gaya musu ba, don kafin la'asar maganar ta isa Gumel. Sai ya nufi Manasseh, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutumin Kagoro, wanda ya girme shi, kuma bakinsa yana da kwaɗo. Matar Manasseh, Liatu, nas ce. Ita ta binciko cewa akwai masu fama da shan giya da ke haɗuwa ran Juma'a da yamma a saman wani ƙaramin asibiti a Al Sadd, suna taimakon junansu, ba a tambayar kowa daga ina yake.

"To, sai ka shirya," in ji Manasseh.

"Yaya, ai kai za ka je mini."

"Ni? Zulki, ni da ko burukutun ƙauyenmu ban taɓa ɗanɗanawa ba?"

"Shi ya sa. Kai maganarka za ta yi nauyi. Ka gaya musu komai, ka karɓo mini abin da suka ce."

Manasseh ya dube shi ya girgiza kai, amma bai ƙi ba. Zulkiflu har da dabino ya sayo ya damƙa masa, wai ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana.

Ran Juma'a suka je da ƙaramar motar Manasseh, Zulkiflu ke tuƙi. Ya faka a inuwa, wakili ya hau bene da ledar dabino, shi kuwa ya kwantar da kujera kamar kowane direba mai jiran maigida. Yana kallon masu shiga: wani Bature mai gajeren wando, 'yan Indiya, wata mata 'yar Filifin da jakar aiki a kafaɗa. Ba wanda ya yi kama da mashayi a cikinsu, abin da ya ba shi haushi kaɗan.

Ba a jima ba Manasseh ya sauko, ba ledar a hannunsa. Maimakon ya zagaya, sai ya buɗe ƙofar direba ya tsaya.

"Sun ci dabino, sun gode," in ji shi. "Na miƙe na ce ƙanena ne ya aiko ni. Suka saurare ni tsaf, ba wanda ya yi dariya. Sai wani dattijo ɗan Sudan ya ce shi ma matarsa ya fara turowa."

"To me suka ce a yi?"

"Ba su ba ni komai na kawo maka ba. Dattijon ya ce in tambaye ka, in za ka sha, wa kake turawa?"

Zulkiflu ya dubi ƙofar asibitin.

"Yaya, in wani ya gane ni fa?"

"Duk wanda ya gane ka a can, abin da ya kai ka shi ya kai shi. Khalas, magana ta ƙare. Fito, ni ne direba yau. Kujerar da na tashi a kai sun ce ba za su ɗauke ba."

Ya fito. Benen ba shi da tsawo, amma sai da ya tsaya ya huta a hanya. A bakin ƙofa ya yi sallama, don bai san wata hanyar shiga ɗaki ba. Murya ɗaya ta amsa masa, ta dattijon. Mutanen suna zaune a zagaye, ƙwallayen dabino a faranti a tsakiya, ga kujera ɗaya ba kowa.

Ya zauna. Aka juyo ana dubansa, ba mai gaggawa. Ya waiga dama da hagu, bisa sabo, ko akwai babba da zai yi magana a madadinsa. Babu.

"Sunana Zulkiflu," ya ce da Turancinsa na direbobi. "Ni ne na yi aiken."